Garrett Morgan: Telan da Ya Ɗinka wa Masu Ceto Hular Numfashi

Gabatarwa

A cikin haɗurran da kan auka wa jama'a, babu mai cin rai kamar wanda ke haɗiye mai kai gudunmawa tare da wanda aka je ceto. Masu haƙar rijiya da masu yasa sun daɗe da sanin wannan. Mutum ya sauka cikin tsohuwar rijiya, a ji shiru. Ɗan'uwansa ya bi igiya domin ya ɗauko shi, shi ma a ji shiru. Iskar da ke can ƙasa ce ta gurɓace, ita kuwa ba ta bambanta wanda ya je aiki da wanda ya je taimako. Haka abin yake a gidan da gobara ta kama, da ramin haƙar ma'adinai, da masana'antar da guba ta tsiyaya a cikinta. Ƙarfin zuciya kaɗai ba ya fitar da kowa daga irin waɗannan wurare, sai mai ceto ya sami abin da zai sa a jikinsa ya tsira tukuna.

Wannan maƙala za ta bi rayuwar wani mutum da ya ba da shekarunsa ga wannan matsala, watau Garrett Augustus Morgan, baƙar fatan Amurka da ya rayu daga 1877 zuwa 1963. Bai yi karatu mai zurfi ba, sana'arsa kuwa gyaran keken ɗinki ne da ɗinkin tufafi. Amma shi ne ya ƙera wata hula ta kare hayaƙi, ya kuma sa ta a kansa ya sauka cikin ramin da ya riga ya hallaka mutum 21 a dare ɗaya. Za a duba yadda sana'arsa ta yi tasiri a kan abin da ya ƙera, da yadda launin fatarsa ya tsaya tsakanin ƙirar da mutanen da aka yi ta dominsu.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Morgan ranar 4 ga Maris, 1877, a yankin wani ƙaramin gari da ake kira Paris a Jihar Kentucky, wanda suna kawai ya haɗa shi da babban birnin Faransa. Mahaifinsa, Sydney Morgan, bawa ne da ya sami 'yanci. Sunan mahaifiyarsa Elizabeth Reed. Shi ne na bakwai a cikin 'ya'ya goma sha ɗaya, a gidan da noma ne abin dogaro.

Shekarar haihuwar tasa tana da muhimmanci a tarihin baƙaƙen Amurka. An haramta bauta a ƙasar baki ɗaya a 1865, bayan yaƙin basasa, gwamnatin tarayya kuma ta girke sojoji a jihohin kudu domin kare 'yantattun bayi. A 1877 ɗin ne aka janye wannan kariya. Daga nan dokokin wariyar launin fata suka yi ta yaɗuwa, har a 1896 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta halatta raba baƙi da farare a wuraren jama'a. Saboda haka Morgan ya tashi ne da 'yanci a takarda, amma ƙofofin makaranta da na sana'a rabin buɗewa kawai suka yi masa.

Karatunsa bai wuce aji shida na firamare ba. Yana da shekara goma sha 'yan kai ya bar gida ya nufi birnin Cincinnati na Jihar Ohio, ya kama aikin ƙarfi da gyare-gyare a gidan wani attajiri. Daga cikin ɗan abin da yake samu ya riƙa biyan wani malami yana koya masa karatu da nahawu. A 1895 ya ƙara gaba zuwa Cleveland, birnin masana'antu da ke bakin Tafkin Erie. A nan ya zauna har ƙarshen ransa.

Daga Keken Ɗinki zuwa Ƙirƙira

A Cleveland ya sami aiki a masana'antun tufafi, inda ya koya wa kansa yadda keken ɗinki ke aiki ta hanyar kwancewa da harhaɗawa. Ba a daɗe ba sunansa ya fita a matsayin makaniken da ba a kai masa keke ya gagare shi. A 1907 ya buɗe shagonsa na sayarwa da gyaran kekunan ɗinki. A 1908 ya auri Mary Hassek, wata tela farar fata 'yar asalin Bohemiya, aure irin wanda jama'ar wancan zamani ba su cika kallonsa da idon rahama ba. Sun haifi 'ya'ya maza uku. A 1909 suka buɗe wurin ɗinkin kayan mata wanda ya kai ga ɗaukar ma'aikata 32.

A cikin wannan sana'a ne ya ci karo da abin da ya zama jarinsa. Allurar keke idan tana gudu da sauri takan yi zafi har ta babbaka yadin ulu. Yana gwada wani ruwan magani da zai hana hakan, sai ya lura cewa maganin yana miƙar da gashin yadi. Ya mai da shi man miƙar da gashin kai, a 1913 kuma ya kafa kamfani mai ɗauke da sunansa domin sayar da shi. Kuɗin da wannan mai ya kawo su ne suka ba shi sararin zama ya yi tunani a kan abin da ba zai kawo riba nan take ba.

Ya kamata a tuna cewa sana'ar tufafi a wancan lokaci sana'a ce mai zama da gobara kusa. Ranar 25 ga Maris, 1911, wuta ta kama masana'antar riguna ta Triangle a birnin New York, ta kashe ma'aikata 146, yawancinsu 'yan mata baƙin haure. Labarin ya girgiza ƙasar, balle waɗanda ke cin abinci da allura da zare. A shekarar da ta biyo baya, 1912, Morgan ya shigar da takardar neman mallakar wata na'urar numfashi da ya ƙirƙira. Hukuma ta ba shi takardar ranar 13 ga Oktoba, 1914, mai lamba 1,113,675.

Yadda Hular Take

Morgan ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin kare mai shiga hayaƙi ba. Tun a 1823 Charles Deane ya mallaki takardar wata hular hayaƙi a Ingila. A 1878 Henry Fleuss, shi ma a Ingila, ya ƙera na'urar da ke tace numfashin mutum ta mayar masa da shi tare da ƙarin iskar oksijin. Kamfanin Dräger na Jamus ya inganta irin wannan, kuma lokacin da ramin kwal na Courrières a Faransa ya fashe a 1906, ya kashe mutum 1,099, masu ceto daga Jamus sun zo da na'urorin numfashi a bayansu. Sai dai waɗannan na'urori suna da nauyi da tsada, suna bukatar horo da kulawa kullum. Ƙaramar rundunar 'yan kwana-kwana a ƙaramin gari ba ta da halin mallakarsu.

Morgan ya ɓullo wa matsalar ta wata hanya dabam. Ya lura da abin da kowane ɗan kwana-kwana ya sani, kuma kowace mace mai girki da itace ta sani: hayaƙi mai zafi sama yake tashi, iskar da ke kusa da daɓe ita ce mai dama-dama. Shi ya sa wanda hayaƙi ya turnuƙe shi yakan durƙusa ya yi rarrafe. Amma mai rarrafe ba zai iya saɓa mutum a kafaɗa ba, ba zai iya riƙe tiyon ruwa da kyau ba. Tambayar da Morgan ya sa a gaba ita ce yadda mutum zai tsaya da ƙafafunsa, hannuwansa biyu a sake, alhali yana shaƙar iskar da ke wajen idon sahunsa.

Amsar da ya samo hula ce ta yadi mai kauri wadda ke rufe kai gaba ɗaya har kafaɗu, da tagar gani a gaban idanu. Daga hular tiyo ya sauko ya bi bayan mai sanye da ita har kusa da ƙasa, ta nan iska ke shigowa. A bakin tiyon daga ƙasa an shimfiɗa soso, wanda ake jiƙawa da ruwa kafin a shiga, domin ya tare toka da ƙurar hayaƙi ya kuma sanyaya iskar. Numfashin da mutum ya fitar yana da tasa hanyar, mai bawul da ke barin iska ta fita amma ba ya barin hayaƙi ya shigo. Babu tukunyar iska mai nauyi, babu injin da zai lalace. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ake sa ta, cikin 'yan daƙiƙoƙi ake cirewa.

A nan ne hannun tela ya nuna kansa. Tela yakan fara da jikin wanda zai sa riga: faɗin kafaɗarsa, da inda hannu ke lanƙwasawa, da aikin da zai yi a cikinta. Ya san cewa rigar da ta matse mutum, kome kyanta, a akwati za ta ƙare. Morgan ya ɗauki kayan ceto a matsayin tufa. Ya yi la'akari da cewa wanda zai sa ta yana cikin gaggawa da tsoro da duhu, wataƙila ma bai taɓa ganin irinta ba sai a wannan dare. Sauƙin ƙirar shi ne ƙarfinta. A 1914 ya kafa kamfanin National Safety Device domin ƙera ta, a shekarar kuma ta ci lambar zinariya a wani babban baje-kolin kayan kiyaye lafiya da tsafta da aka yi a New York.

Cinikin da Launin Fata Ya Dagula

Kayan ceto ba kamar sauran haja ba ne. Wanda ya saye su ransa ya ɗora a kansu, saboda haka sai ya amince da su, ya kuma amince da wanda ya yi su. A Amurkan wancan zamani kuwa, shugabannin 'yan kwana-kwana da yawa, musamman a kudu, ba su shirya yarda cewa baƙar fata zai ƙera abin da zai kare rayukan mutanensu ba.

Morgan ya fahimci haka, sai ya yi dabara. Idan za a nuna hular a gaban jama'a, yakan sa wani farar fata ya tsaya a matsayin mai ƙirar, shi kuma ya yi shigar Indiyawan Amurka, a gabatar da shi da sunan wani basarake wai shi Mason daga tsibirin Walpole na Kanada. A cikin Oktoba 1914, a birnin New Orleans, an kafa tanti aka cika shi da hayaƙin kwalta da farar wuta da kashin dabbobi. Wannan basaraken bogi ya sa hular ya shiga, ya yi kimanin minti 20 a ciki, ya fito lafiya lau. 'Yan kallo suka yaba wa Baturen da ke tsaye a waje, ba su san cewa mai ƙirar shi ne wanda ya fito daga cikin hayaƙin ba.

Abin lura a nan biyu ne. Na farko, wulaƙancin da ke cikin a ce mutum sai ya ɓoye kansa kafin a karɓi alherinsa. Na biyu, ko da ya ba wani sunansa aro, shiga hayaƙin bai ba kowa aro ba. Da kansa yake gwada abin da ya ɗinka. Wannan hali nasa shi ne ya kai shi bakin Tafkin Erie shekara biyu bayan haka.

Daren 24 ga Yuli, 1916

Birnin Cleveland daga Tafkin Erie yake shan ruwa. Da birnin ya bunƙasa, ƙazantar gidaje da ta masana'antu ta gurɓata ruwan gaɓa, zazzaɓin taifot ya riƙa kashe mutane. Hukuma ta ga babu mafita sai a jawo ruwa daga can tsakiyar tafki. Aka shiga haƙa wata hanya a ƙarƙashin gindin tafkin, mai faɗin ƙafa 10. An kafa wani dandamali a cikin ruwa, mil-mil daga gaɓa, wanda ake kira na 5, daga nan ma'aikata ke sauka ta wata doguwar rijiya zuwa wurin haƙa. Domin kada ruwa da laka su rufta musu, ana tura matsattsiyar iska cikin ramin, sai an bi ta wani ɗan ɗaki mai ƙofofi biyu kafin a shiga ko a fita. Yawancin ma'aikatan baƙin haure ne daga Turai, masu neman na tuwo a aikin da kowa ya san ya sha cin rayuka a baya.

Da daren 24 ga Yuli, 1916, masu haƙa suka huda wani aljihun iskar gas da ke cikin ƙasa. Tartsatsi ya haɗu da shi, ramin ya fashe, mutum 11 suka hallaka. Waɗanda ke bisa dandamali ba su tsaya wata-wata ba. Ayari na farko ya sauka ba tare da wani abin kare numfashi ba, iskar ta kayar da su. Ayari na biyu ya bi bayansu, shi ma haka. A cikin waɗannan masu kai gudunmawa mutum 10 suka rasu. Adadin waɗanda taimako ya kashe ya kusan kai na waɗanda fashewar ta kashe. Daga nan babu wanda ya sake yarda ya sauka, ga kuwa mutane kwance a ciki, ba a san mai rai ba a san matacce ba.

A cikin wannan hali wani ya tuna da mutumin nan mai hular hayaƙi. Aka tashi Morgan daga barci cikin sulusin dare na 25 ga wata. Ya ɗebi hulunansa ya zuba a mota, ya ɗauko ɗan'uwansa Frank, bai ko tsaya canza kayan barcin da ke jikinsa ba. Jirgin ruwa ya kai su dandamalin, inda suka tarar da jama'a, har da Magajin Garin Cleveland, Harry L. Davis. Aka nemi waɗanda za su sa hular su sauka. Yawancin mutane suka ja baya, kuma ba a ga laifinsu ba, domin sun ga ayari biyu sun tafi ba su dawo ba, abin da ake miƙa musu kuwa yadi ne da tiyo da soso. Morgan da Frank suka sa, wasu mutum biyu suka bi su.

Suka sauka cikin duhu, suka wuce ɗakin nan mai ƙofofi biyu, suka fara lalube. Suka riƙa jawo waɗanda suka tarar, suna fitowa da su suna komawa. Da mutanen da ke sama suka ga an shiga an kuma fito da rai, sai wasu suka sami ƙarfin guiwar shiga aikin. An fito da mutum biyu da sauran numfashi, cikinsu har da Gustav Van Duzen, shugaban aikin haƙar, wanda ya jagoranci masu ceto ya faɗi a ciki. An kuma fito da gawa huɗu, kafin jami'an hukumar ma'adinai ta tarayya su dakatar da shiga saboda haɗarin da ke akwai.

Mutum biyu adadi ne kaɗan idan aka gwada da 21 da suka rasu. Amma daren ya tabbatar da wani abu a gaban shaidu: mutum goma sun shiga da jarunta kaɗai sun mutu, mutum huɗu sun shiga da jarunta da kariya sun fito, har sun fito da wasu.

Sakayyar da Ya Samu

Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jaridu da yawa da suka ba da labarin ceton ba su ambaci Morgan ba, ko kuma suka ambace shi a gefe. Gidauniyar Carnegie, wadda ke ba da lambar yabo ga waɗanda suka sadaukar da rai domin ceton wasu, ta karrama mutum huɗu a kan abin da ya faru a wannan dare, dukansu farare. Hukumomin birnin ba su sa sunan Morgan a gaba ba, ko da yake magajin gari da idonsa ya ga saukarsa. Morgan bai yi shiru ba. Ya rubuta wasiƙu, ya tattara shaidar waɗanda ke wurin, yana neman a faɗi gaskiya. A 1917 wasu mutanen Cleveland suka haɗa kai suka ba shi lambar zinariya mai ado da lu'ulu'u, domin su gyara abin da hukuma ta ƙi gyarawa.

Ta fuskar ciniki ma abin ya zo da fuska biyu. Rundunonin 'yan kwana-kwana daga wurare dabam-dabam sun aiko suna neman hular. Amma da asiri ya tonu cewa mai ƙirar baƙar fata ne, wasu, musamman a kudu, suka soke cinikin. Hasarar ba ta tsaya a aljihun Morgan ba. Ɗan kwana-kwanan da aka hana shi hular shi ne zai shiga hayaƙi da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, ba shugaban da ya soke ciniki ba.

Iyakar Ƙirar da Abin da Ya Biyo Bayanta

Gaskiya ta wajabta a faɗi inda ƙarfin hular ya tsaya. Dukan hikimarta ta dogara ne a kan samun iska mai kyau a kusa da ƙasa. Wannan yana yiwuwa a cikin hayaƙi mai zafi, haka kuma inda gas ɗin ya fi iska rashin nauyi, kamar wanda ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Amma akwai iska mai guba wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasa. Irinta ce kulorin, wadda sojojin Jamus suka saki a Ypres ta Beljiyam ranar 22 ga Afrilu, 1915. A irin wannan wuri tiyon da ya sauka ƙasa guba zai zuƙo. Shi ya sa abin rufe fuska da sojoji suka dogara da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bi wata hanya, ta tace iska da gawayi da magunguna, ko da yake sau da yawa akan jingina wa Morgan ƙirarsa. Har ila yau, jiƙaƙƙen soso ba ya tare gubar nan marar launi marar wari da ke fita daga garwashi, wadda kan kashe masu kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ba ya kuma ƙara oksijin inda wuta ta cinye shi.

Saboda waɗannan dalilai, masu ceto daga baya sun koma ga ɗaukar iskarsu a baya. A 1945 kamfanin Scott a Amurka ya fito da tukunyar matsattsiyar iska ta 'yan kwana-kwana. A shekarun 1970 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta taimaka wajen rage nauyin irin waɗannan tukwane. An sami yadin da ba ya saurin kama wuta, irin su Nomex na kamfanin DuPont. An kuma ƙera wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a jiki, wadda ke kwarma ihu idan mai sanye da ita ya yi kamar daƙiƙa 30 bai motsa ba, domin abokansa su san inda ya faɗi.

Waɗannan duka sun wuce hular Morgan nesa ba kusa ba. Duk da haka tambayoyin da masu ƙera su ke yi su ne waɗanda telan Cleveland ya yi: nawa ne nauyin abin, cikin daƙiƙa nawa za a sa shi, zai bar hannu ya yi aiki da ido ya gani, wanda ya gigice zai iya sarrafa shi, ƙaramar runduna za ta iya sayensa. Kowane ƙarin kariya ƙarin nauyi ne da zafi a jikin mai ɗauka, gwanintar mai ƙira kuwa ita ce sanin inda zai tsaya.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Morgan bai tsaya a kan hular ba. Da motoci suka fara yawa suna cakuɗa da kekuna da karusan doki a titunan Cleveland, ya ƙera wata danja da ake juyawa da hannu, ya sami takardar mallakarta ranar 20 ga Nuwamba, 1923. Bayan alamar tsayawa da ta wucewa, tana da matsayi na uku wanda ke tsayar da kowa daga kowace kusurwa, domin mararraba ta washe kafin a saki wani ɓangare. Nan ma tunanin ɗaya ne, watau kare rai a daidai lokacin da haɗari ya fi kusa.

Ya kuma yi wa jama'arsa hidima. Tun a 1908 yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar baƙaƙen Cleveland, daga baya ya shiga babbar ƙungiyar neman 'yancin baƙaƙe ta ƙasa. A 1920 ya kafa jaridar Cleveland Call, domin baƙaƙe su sami inda za a ba da labarinsu yadda yake. Wanda jaridu suka share sunansa a 1916 ya san amfanin wannan fiye da kowa. Jaridar ta haɗu da wata daga baya ta zama Call and Post. A 1931 ya tsaya takarar kujerar majalisar birni, bai yi nasara ba.

A 1943 ciwon hawan jinin ido ya kama shi, ya rage masa gani har ya kusan makancewa, amma bai daina tunanin ƙere-ƙere ba. Ya rasu ranar 27 ga Yuli, 1963, yana da shekara 86, wata ɗaya kafin babban gangamin neman 'yancin baƙaƙe da aka yi a birnin Washington. An binne shi a maƙabartar Lake View da ke Cleveland. Bayan rasuwarsa birnin ya sa wa wata matatar ruwan shansa sunan Garrett A. Morgan, a 2005 kuma aka shigar da sunansa cikin jerin manyan masu ƙirƙira na Amurka.

Kammalawa

An ga yadda ɗan 'yantaccen bawa mai karatun aji shida ya tashi daga gyaran keken ɗinki ya kai ga ƙera abin da ya shiga inda jarumai goma suka faɗi. Hularsa ba ita ce ta farko ba, ba ta kuma daɗe ana amfani da ita ba, domin ilmi ya ci gaba ya bar ta. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci nazari shi ne yadda ya ɗauki mai ceto a matsayin mutum mai huhu da tsoro da iyali, wanda ya kamata a auna masa kariya kamar yadda ake auna riga, sa'an nan ya yarda ya fara sa abin a kansa kafin ya miƙa wa wani. Waɗanda suka ƙi hular saboda launin hannun da ya ɗinka ta sun bar mutanensu cikin hayaƙi. Ruwan da mutanen Cleveland ke sha kuwa, wani sashensa ta matatar da ke ɗauke da sunansa yake bi.